Fairbourne: Ƙauyen Hutun Yarinta da Aka Yanka wa Wa'adi

A watan Janairun 2013, majalisar ƙaramar hukumar Gwynedd da ke arewa maso yammacin Wales ta amince da wani kundin tsari kan yadda za a tafiyar da gaɓar teku har nan da shekara 100. Kundin ya shafi bakin ruwa mai tsawon gaske, tun daga St Ann's Head a kudu har Great Orme a arewa, kuma ba kowa ne ya zauna ya karanta shi ba. A cikinsa akwai hukuncin da aka yanke wa wani ƙauye mai suna Fairbourne, mai gidaje 400 da 'yan kai, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba. Za a ci gaba da kare shi daga teku na wani lokaci, daga nan a fara ja da baya, a ƙarshe a sakar wa ruwa wurin. Daga baya aka sa shekara: 2054. Da yawa daga mazauna ƙauyen ba daga bakin hukuma suka ji wannan magana ba. A talabijin suka gani, cikin wani shirin BBC Wales na watan Fabrairun 2014, makonni kaɗan bayan guguwar hunturu ta yi wa gaɓar Wales ɓarna.

Tun daga lokacin 'yan jarida ke tururuwa zuwa ƙauyen, suna kiran mutanensa 'yan gudun hijirar sauyin yanayi na farko a Birtaniya, laƙabin da da yawansu ba sa ƙaunar ji. An yi ta rubutu kan hawan teku da faɗuwar farashin gidaje. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya kai mutanen wurin tun farko. Kaso mai yawa na mazauna Fairbourne dattawa ne 'yan fansho, kuma ba a nan aka haife su ba. Daga Birmingham da Wolverhampton da sauran garuruwan masana'antu na tsakiyar Ingila suka zo. Da yawansu tun suna yara iyayensu ke kawo su wannan gaɓa hutun bazara, kuma wannan hutun ne ya dawo da su bayan shekara 40 ko 50, da kuɗin sallamarsu a hannu. Wanda bai fahimci nauyin wannan tunanin yarinta ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa hukuncin 2013 ya yi musu ciwo haka ba.

Ƙauyen da aka gina don baƙi

Fairbourne ba tsohon ƙauye ba ne. Yana kudu da bakin kogin Mawddach, inda kogin ke shiga Tekun Cardigan, garin Barmouth na kallonsa daga ɗaya tsallaken, tsaunukan Cadair Idris masu tsayin mita 893 kuma suna bayansa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 wurin fadama ce mai gishiri da makiyayar tumaki, wadda mutanen yankin ke kira Morfa Henddol. Jirgin ƙasa ne ya fara sauya shi. A 1867 aka buɗe doguwar gadar katako ta Barmouth, mai kusan rabin mil, layin dogo ya ratsa bakin kogin, tafiyar da a da take wahala ta koma ta yini guda daga tsakiyar Ingila.

A 1895 wani attajiri, Arthur McDougall, ɗan gidan da ya yi suna a Birtaniya da sana'ar fulawa, ya sayi filaye a nan da niyyar gina wurin shaƙatawa na alfarma. Ya shimfiɗa ɗan siririn layin dogo wanda dawakai ke jan taragunsa don kai kayan gini, ya kafa wurin yin bulo, ya sa aka buɗe tashar jirgi. Sunan ma na Turanci aka zaɓa, a yankin da kusan kowane dutse da rafi ke da sunan Welsh. Babban birnin hutun da ya yi mafarki bai tabbata ba. Abin da ya samu shi ne ɗan ƙauye shimfiɗaɗɗe a bayan wani dogon tudun tsakuwa, mai 'yan shaguna, da filin golf, da gidaje marasa bene, daga baya kuma filayen da ake jera ɗakunan tirela na haya. Ke nan tun ranar da aka aza tubalin farko, ƙasar da aka gina ƙauyen a kai daga hannun teku aka karɓe ta.

Makonni biyun masana'anta

Har zuwa shekarun 1930, yawancin leburorin Birtaniya in sun tafi hutu to babu albashi. Dokar hutu da biya ta 1938 ta fara buɗe ƙofa da mako guda ga wasu rukunin ma'aikata, yaƙi ya katse abin, sai bayan 1945 ya bazu ya zama makonni biyu. A Birmingham da kewayenta al'adar ita ce a rufe masana'antu gaba ɗaya a makon ƙarshe na Yuli da makon farko na Agusta. Kamfanin motoci na Austin da ke Longbridge, da maƙerun ƙarfe, da ƙananan masana'antun da ke sayar musu da kaya, duk a kashe injuna lokaci guda. Unguwa sai ta yi tsit. Birmingham kuwa na cikin biranen Ingila mafiya nisa da teku, don haka wanda ke son 'ya'yansa su ga ruwa sai ya nufi Weston-super-Mare, ko Rhyl, ko ya miƙe yamma ya tsallaka Wales har Barmouth da ƙauyukan da ke gefenta.

Mai karatu da ya taɓa yin dogon hutun makaranta a ƙauyen kakanninsa ya san yadda wuri ɗaya ke shiga jinin yaro in ana kai shi duk shekara. Bambancin shi ne, ma'aikacin Birmingham na shekarun 1950 galibi ba shi da ƙauyen kakanni. Kakansa ma a cikin hayaƙin birni aka haife shi. Don haka sai ya yi hayar ƙauye na mako biyu, ya koma ɗaki ɗaya ko tirela ɗaya shekara bayan shekara, har mai shago ta san sunayen yaransa. A ganina nan ne asalin ƙarfin wannan ƙauna. Wurin ya cike musu gurbin garin asali da ba su da shi.

Abin da yara suka riƙe

In aka saurari waɗanda suka yi wannan yarinta, abin da suke fara ambata ba teku ba ne, hanya ce. Mai jirgin ƙasa yakan tashi daga Birmingham ya bi ta Wolverhampton da Shrewsbury da Welshpool har Machynlleth, daga nan layin ya kama gaɓa ta Aberdyfi da Tywyn da Llwyngwril. Dab da isowa jirgin yakan rage gudu ya lallaɓa ta gefen dutsen Friog, teku na can ƙasa, yara sun manna fuska a taga. Mai mota kuwa, bayan motoci sun wadata a shekarun 1960, tafiyar mil 100 da ɗoriya ce, an ɗaure akwatuna a saman mota, yara uku ko huɗu a kujerar baya da bargo da tukwane. Bayan Dinas Mawddwy akwai hawa mai tsauri zuwa mashigar Bwlch Oerddrws, inda tsofaffin motoci kan yi zafi a tsaya a gefen hanya a jira inji ya huce. Daga Dolgellau hanya na bin gefen kogi, kuma kusan kowane gida na da gasar wanda zai fara hango teku.

Bakin ruwan Fairbourne ya kai mil 2. In teku ya cika, tsakuwa kawai ake gani. In ya janye, sai rairayi mai faɗi ya bayyana, da 'yan kududdufai da rana ke ɗumamawa. Uba ya kafa labulen tare iska da guduma, uwa ta fito da fulas ɗin shayi da burodin da aka yanka tun a ɗaki, yara su ɗauki bokiti da ɗan shebur su shiga ginin ganuwar yashi wadda ruwa zai cinye kafin la'asar. Ruwan kansa sanyi gare shi, ko a Agusta da ƙyar yake wuce digiri 16 ko 17. Yaro ya shiga ya fito leɓe ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa, a naɗe shi da tawul, kafin a ankara ya sake komawa.

A bayan rairayin akwai jerin manyan tubalan kankare da aka zuba a 1940, lokacin da ake fargabar sojojin Jamus za su sauka da tankokin yaƙi. Mutane na kiransu haƙoran dodo. Ga iyayen da suka ga yaƙin, tubalan abin tunawa ne da shekarun tsoro. Ga yaran, wurin tsalle ne daga wannan zuwa wancan, da wurin ɓuya, da alamar da ake gane inda iyali suka shimfiɗa bargo. Har yau suna nan.

Sai ɗan jirgin ƙasa. Layin dawakin McDougall ne aka mayar na ƙananan injunan tururi a 1916, faɗin dogonsa inci 15 kacal. An rufe shi a 1940, yashi da guguwa da atisayen soja suka lalata shi, sannan wasu 'yan kasuwa daga tsakiyar Ingila, a gabansu John Wilkins na kamfanin injin wanki na Servis, suka farfaɗo da shi a 1947. Wannan kaɗai ya isa nuna yadda alaƙar ƙauyen da garuruwan masana'antu ta yi zurfi: hatta abin wasan yaransa kuɗin can ne suka tashe shi. Jirgin na bin bayan tudun tsakuwa mil 2 har ƙarshen tsinin yashi na Penrhyn, inda ƙaramin jirgin fito ke tsallakar da mutane zuwa Barmouth. A can akwai askirim, da jakunan hawa, da soyayyen kifi da dankali a takarda, da kamun ƙaguwa a bakin tashar jiragen ruwa da zare da guntun nama. Mai ƙarfin ƙafa ya dawo ta gadar katako a ƙasa, yana jin ta tana rawa in jirgi ya zo wucewa. Shekarun 1960 da farkon 1970 ne ɗan jirgin ya fi samun fasinja. A 1986 aka ƙara tsuke dogon zuwa inci 12 da kwata, kuma har yanzu yana aiki.

Manyan yara kuma suna da nasu sirrin. A saman Friog akwai tsohuwar mahaƙar dutsen rufi da ruwa ya cika, ya yi shuɗi garau, ana shiga ta wani ɗan kogo mai duhu. Hawa wurin ba tare da iyaye ba shi ne alamar yaro ya fara girma. A 2019 mai filin ya toshe ƙofar saboda sharar da baƙi ke bari bayan hotunan wurin sun bazu a intanet.

Amma in aka tace duk wannan, abin da ke ƙasa ba yashi ba ne kuma ba jirgi ba ne. Uba ne. Mutumin da ke fita aiki kafin yara su tashi, ya dawo a gajiye da baƙin mai a hannu, wani lokaci ma aikin dare yake yi, shi ne yau ya naɗe ƙafar wando yana tona rami tare da su, yana dariya. Uwar da ba ta zama ita ce a kan kujerar zane, ko da yake gaskiya girki da wanki sun biyo ta har nan. Bakin ruwan yamma yake kallo, kuma a ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ba wanda ke cewa a je a kwanta. Makonni biyu cikin 52 ne kaɗai iyali ke zama cikakke daga safe har dare. Ban ga dalilin da zai sa a raina mutumin da ya kai shekara 65 yana neman komawa inda ya taɓa samun wannan ba.

Abin da tunani ya zubar

Tunanin yarinta yana da gaskiyarsa, amma ba ya ɗaukar komai da komai. Yammacin Wales na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Birtaniya, kuma an sha shafe kwanaki a cikin tirela ana wasan kati, ruwa na dukan rufi. Duk da haka bazarar 1976 mai tsananin zafi ita ce ta mamaye zukata, kamar kowace shekara haka take. Akwai kuma ranakun baƙin ciki. A ranar 22 ga Yulin 1966 wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ya taso daga Barmouth ya bugi gadar Penmaenpool a kan wannan kogi na Mawddach, mutum 15 suka rasu, har da yara. Dutsen Friog da yara ke sha'awar kallo ta taga, sau biyu, a 1883 da 1933, zaftarewar ƙasa ta jefa kan jirgi daga samansa zuwa bakin teku, direba da mai zuba kwal suka mutu.

Abu na biyu da ɗan hutu bai cika gani ba shi ne masu ƙasar. Gwynedd ita ce cibiyar harshen Welsh. A ƙidayar 2021 kusan kashi 64 cikin 100 na mutanenta suna jin harshen. Yaron Birmingham yakan ji ana wani yare a shago ko a ƙofar coci ranar Lahadi, ya ɗauke shi ɗaya daga cikin abubuwan ban sha'awa na hutu, bai san cewa mutanen na fafutukar kada harshensu ya mutu ba ne. Bai san cewa ruwan famfon gidansu ma daga Wales yake zuwa ba, daga madatsun kwarin Elan da aka buɗe a 1904 bayan an tashi mazauna wurin. A 1965, daidai lokacin da hutun Fairbourne ke kan ganiyarsa, aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn kusa da Bala don samar wa Liverpool ruwa, alhali babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi bayan dokar. Sai a 2005 Liverpool ta nemi afuwa. Daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye, Meibion Glyndŵr, ta ƙona gidajen hutu sama da 200 mallakar baƙi. Ƙona gidan mutum ba abin karewa ba ne, amma kukan da ke bayansa na gaske ne: matashin da aka haifa a ƙauye ba ya iya sayen gida a garinsu domin mai kuɗin birni ya riga shi. Har yanzu maganar ba ta mutu ba. Daga Afrilun 2023 Gwynedd na ɗora ƙarin kashi 150 cikin 100 na harajin gida a kan gidajen da ba a zaune a cikinsu sai lokacin hutu.

A nan dole a yi wa mutanen Fairbourne adalci. Ba su ƙwace tsohon ƙauyen kowa ba, domin wurin don baƙi aka gina shi tun asali, kuma yawancin waɗanda ake magana a kansu ba gidan hutu suka saya ba, gidan zama ne, shi kaɗai suke da shi.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne hunturu. Wanda ya san wuri a Agusta kawai bai san shi a Janairu ba, lokacin da iskar kudu maso yamma ke haɗuwa da babbar cikar teku, igiyar ruwa na watso tsakuwa kan hanya.

Daga tunani zuwa takardar gida

Daga ƙarshen shekarun 1960 jiragen sama masu araha suka fara kwashe iyalai zuwa Sifaniya, inda rana ba ta saɓa alkawari. Layin dogon da ya taso daga Ruabon ta Dolgellau an rufe shi a 1965, sashensa na tsakanin Dolgellau da bakin kogin Mawddach yanzu hanyar masu keke da masu tafiyar ƙasa ce. Masana'antun ma suka yi ta rufewa, har Longbridge ta durƙushe a 2005. Yaran 1950 da 1960 suka manyanta, suka kai nasu 'ya'yan, suka binne iyayensu. Da lokacin ritaya ya zo lissafin bai da wuya. A sayar da gidan birni, a sayi gida marar bene a Fairbourne da kuɗi ƙasa da haka, ragowar a haɗa da fansho. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ta dace da mai ciwon gwiwa. Akwai tashar jirgi, akwai shago, akwai maƙwabta masu irin harshenka da irin tarihinka. Jikoki kuma za su zo hutu su hau ɗan jirgin da kakansu ya hau.

Ba wauta suka yi ba. Sun saya ta hannun lauyoyi, bankuna sun ba da bashi, hukuma ta ba da izinin gini, kuma tsarin da ake bi a lokacin shi ne a ci gaba da tare teku. Shimfiɗar ƙasar da ta ja hankalinsu ita ce dai matsalar. Ƙauyen na kusan daidai da tsayin teku in ya yi babbar cika, kuma ruwa na iya zuwar masa ta fuska huɗu: daga teku ta kan tudun tsakuwa, daga bakin kogin Mawddach ta arewa, daga rafukan da ke gangarowa daga tsauni irin su Henddol, da kuma daga ƙarƙashin ƙasa, domin in teku ya hau ruwan ƙasa ma hawa yake yi. Katanga na iya tare na farko da na biyu. Ba ta tare na huɗu. Masana sun yi hasashen teku zai iya ƙaruwa da kusan mita guda cikin ƙarni, kuma tsoronsu shi ne tudun ya fashe cikin dare ruwa ya afka wa tsofaffi a gidajen da ba su da benen da za a hau.

Bayan hukunci

Abin da ya biyo bayan shirin talabijin na 2014 bai jira 2054 ba. An ruwaito farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Bankuna suka daina ba da bashin sayen gida a ƙauyen, don haka mai son sayarwa sai ya jira mai tsabar kuɗi a hannu, shi kuwa mai tsabar kuɗi ya san yana da wuƙa da nama. Dattijon da ya yi niyyar sayar da gida in jiki ya ƙi, ya biya kuɗin gidan kula da tsofaffi ko ya koma kusa da 'ya'yansa, sai ya tarar dukiyar da ya tara a shekara 40 ta zabge. Babu diyya. A dokar Ingila da Wales hukuma na da ikon gina kariyar teku, amma ba wajibi ba ne a kanta, kuma ba a biyan wanda teku ya ci gidansa. Mutanen Capel Celyn, duk da zaluncin da aka yi musu, an biya su wani abu domin doka ce ta nutsar da su. Na Fairbourne an ce musu teku ne, teku kuwa ba ya biyan kowa.

Mazauna suka kafa ƙungiyar Fairbourne Facing Change, hukumomi kuma suka haɗu a wani shiri mai suna Fairbourne: Moving Forward. A 2015 hukumar albarkatun ƙasa ta Wales ta kammala aikin kariyar ambaliya na fam miliyan 6.8 a ƙauyen, abin da ya ƙara rikita mutane: a kashe wannan kuɗi yau, a ce gobe za a tafi? Tsakanin 2020 da 2023 kuma aka kashe kusan fam miliyan 30 wajen gyara gadar Barmouth, wadda layin da ke hawanta ta tsakiyar Fairbourne yake bi. Majalisar gundumar Arthog, wadda ƙauyen ke ƙarƙashinta, ta ƙi amincewa da shirin, tana kafa hujja da cewa hasashen ya yi tsauri kuma akwai hanyoyin kariya masu sauƙin kuɗi. A 'yan shekarun nan hukumomi sun sassauta harshe, suna cewa ba a yanke shawarar rushe ƙauyen a hukumance ba kuma za a riƙa sake duba alƙaluma. Sai dai maganar da ta riga ta fita ba ta komawa, kuma banki da shekarar 2054 yake aiki.

Inda nake tsaye

Ban ga laifin Gwynedd ba da ta faɗi gaskiya kan teku. Akwai ƙauyuka da yawa a gaɓar Birtaniya da ke cikin irin wannan hali, hukumominsu sun yi shiru don gudun rigima, ana ci gaba da sayar wa mutane gidaje. Wannan shirun ya fi muni, kuma abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba. Mutanen wannan gaɓa ma ba baƙin labarin ba ne. Tatsuniyarsu ta Cantre'r Gwaelod na ba da labarin wata ƙasa mai albarka da ta nutse a ƙarƙashin Tekun Cardigan bayan mai gadin ƙofar ruwa ya yi sakaci, kuma guguwar 2014 ta tono kututturan wani daji mai dubban shekaru a rairayin Borth, kudu da nan. Gaɓar ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Laifin yana wajen yadda aka faɗa da abin da aka haɗa maganar da shi. An sanar da wa'adi kafin a tanadi ko sisin kwabo na sake tsugunar da mutane, kafin a ware fili, kafin a je gida-gida a zauna da su. Ma'aunin da aka yi amfani da shi kuɗin katanga ne a gefe guda, darajar gidajen da za ta kare a ɗaya gefen. A irin wannan sikeli ƙauye mai gidaje 400 masu araha ba zai taɓa rinjaye ba, Landan kuwa mai katangar kogin Thames kullum za ta rinjaya. Babu layi a cikin lissafin da ke ɗaukar cewa mace ta watsa tokar gawar mijinta da aka ƙona a wannan rairayi, ko cewa wani ya zaɓi ya ƙare kwanakinsa a inda ya fi sanin mahaifinsa. Ba ina cewa wannan zai hana teku hawa ba. Ina cewa ya kamata ya shiga cikin abin da ake bin mutanen bashi in za a tashe su: a tashe su tare in suna so, a kusa, a kan tudu, ba a watsa su ɗaya-ɗaya cikin jerin masu jiran gidan gwamnati ba.

Su ma masu ƙaunar wurin daga nesa, waɗanda ba su koma da zama ba amma suna zuwa da jikoki duk bazara, akwai abin da ya hau kansu. Sun fi mazauna yawa nesa ba kusa ba, suna da ƙuri'a a Ingila, kuma batun wanda zai biya in teku ya ci gari batu ne da ya shafi gwamnatin Landan da ta Cardiff, babban birnin Wales, duka. Yawancinsu sun tsaya ga jimami da tsofaffin hotuna. Shekara fiye da 10 bayan amincewa da kundin, babu asusun diyya ga masu gidajen Fairbourne, babu dokar da ta fayyace wanda zai ɗauki nauyin tashin gari sukutum, babu kuma wurin da aka nuna aka ce nan za ku koma.